Mista Green Mai Yatsu Takwas

Shekara hamsin firjin Anti Ozella ya yi a tsaye a kan littafi. An canza firjin sau uku, littafin yana nan inda yake, domin daɓen kicin ɗinta ya lotsa ta wajen taga, kaurin littafin kuwa ya zo daidai da lotsawar. Duk baƙon da ya hango shi ya ce, "Misis Crumpton, littafi ne fa a ƙarƙashin firjinki," amsa ɗaya take bayarwa: "Na sani. Nan ne kaɗai ya taɓa yi mini amfani."

Sunana Vernice. Ozella Crumpton matar kawuna Arzell ce, yayan mahaifiyata. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu Coy Landing, a jihar Mississippi, kuma tun da na yi ritaya na koma direbarta, ladana faɗa. Ba zan yi muku ƙarya in ce mace ce mai daɗin zama ba. Fasto biyu ta kora daga barandarta. Ta taɓa mayar wa maƙwabciyarta da kwanon gasasshen dankali, ta ce ko alade sai ya yi shawara kafin ya ci. In na yi gudu da mota ta ce neman kashe ta nake yi, in na tafi a hankali ta ce tsufa ya riga ya kama ni kafin ita. Amma na san inda ɗacin ya samo asali, shi ya sa nake shanyewa.

An haife ta a 1937 a gonar audugar wani farar fata, ita ce ta bakwai cikin su goma sha ɗaya. A aji takwas karatunta ya tsaya. Ta yi wanki da guga a gidajen fararen fata har hannunta ya yi kanta, daga baya ta samu aikin girki a makarantar firamare, ta shekara talatin da ɗaya tana zuba wa 'ya'yan mutane wake da shinkafa tana harararsu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Aure ɗaya ta yi, shekara tara suka zauna tare, ba ta ƙara ba.

Kawu Arzell shi ne mai awo a injin gurzar auduga na wani farar fata, Mista Pruett. Injin ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu tun yana ɗan shekara sha tara, shi ya sa aka ɗauke shi daga bakin injin aka ba shi sikeli. Ya iya karatu sosai. A zamanin, in baƙar fata ya je yin rajistar zaɓe, sai a miƙo masa wani sashe na kundin tsarin mulkin jiha a ce ya karanta ya yi bayani, in ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya a kore shi. To duk Lahadi bayan an tashi daga coci, Kawu yakan tara mutum biyar ko shida a ɗakin da ake rataye rigunan mawaƙa, ya koya musu sashe bayan sashe, mata na rera waƙa a waje don kada a ji. Mahaifiyata ta ce muryarsa kauri gare ta, in ya yi dariya har kofi sai ya yi rawa a kan tebur. Ni ban riƙe ta ba.

A watan Agustan 1964 Calder Whitsett ya sauko daga bas, da kwat cikin wannan zafi, yana jan rakoda mai girman akwati. Baƙar fata ne kamar mu, amma ɗan Philadelphia, in ya buɗe baki sai ka ji bambancin. Masanin zamantakewar al'umma ne, ya zo ya rubuta yadda baƙar fata da farar fata ke zama a kudu. Fasto ya roƙi Anti ta sauke shi. Wata biyar ya yi a ɗakinta na baya, ya ci soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara har wandonsa ya matse shi. Ita ce ma take shiga gaba tana ƙwanƙwasa masa ƙofofin mutane, don ba wanda zai saki baki da mai kwat.

Ranar da ya fara ajiye rakodar a teburin kicin, Kawu ya dube ta ya ce, "Farfesa, in abin nan ya kai kunnen Pruett, na kaɗe har ganyena."

"Kwantar da hankalinka, Mista Crumpton. Mu a aikinmu ba ma sa sunan kowa. Zan canza sunanka, in canza sunan garin. Ko mahaifiyarka ba za ta gane ka ba."

Anti tana bakin murhu ta juyo ta ce, "Ka rantse?"

"Na rantse da Littafi Mai Tsarki, Misis Crumpton."

Sau huɗu suka zauna yana naɗar muryarsa.

Littafin ya fito a 1967. Bai karya alkawari ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya canza sunan garin, ya mayar da Kawu Mista Green, Anti ta zama Misis Green. Sannan a shafi na 143 ya zauna ya rubuta cewa Mista Green shi ne mai awo a injin gurza ɗaya tilo na gundumar, yana magana yana juya fensir da hannun hagunsa da injin ya bar wa yatsu uku, ranar Lahadi kuwa malami ne a ɗakin rigunan mawaƙa. Kowa ya san garin da mai rakoda ya yi wata biyar. A gundumar kaf, mai awo nawa ne ke da yatsu takwas? Ko karen Pruett ya san amsar. Ya so rubutunsa ya yi armashi ne, shi ke nan, sai ya rufe wa mutum fuska ya bar hannunsa a waje.

Ɗan Pruett da ke karatu a arewa ne ya kawo littafin gida lokacin hutu. Ranar Litinin aka kori Kawu daga aiki. Laraba da rana tsaka motoci biyu suka tsaya a ƙofar gidan, mutanen ciki suka harbe karensa a baranda, suka ce wa Anti ta gaya wa Mista Green kada Juma'a ta same shi a gari. Alhamis da safe ya hau bas zuwa Gary, a jihar Indiana, ya ce da zarar ya samu ɗaki zai aiko ta taho. Gidansu ba waya, sai wasiƙa. Bayan wata goma sha huɗu ciwon huhu ya kashe shi a ɗakin haya, cikin sanyin da bai saba ba. Maganarsa ta ƙarshe da ta ji da kunnenta, ta tagar bas ya faɗe ta: "Ki riƙa ba tumatirin nan ruwa."

Ta rubuta wa Whitsett wasiƙa shafi uku, ta gaya masa komai. Bayan wata biyu amsa ta zo, kwafin littafin ne, ya sa hannu a ciki: "Ga Misis Green, da godiya mai yawa." Ranar ya shiga ƙarƙashin firji.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so. Littafin ya yi aiki. Lauyoyi sun ɗaga shi a kotu, ɗalibai sun karanta shi sun taho kudu, mutane da yawa sun yi zaɓe saboda shi. Kuma a 1965, da babban ɗan sandan gunduma ya matsa masa ya miƙa takardar da ya rubuta sunayen mutane na gaskiya kusa da sunayen aro, Whitsett ya cinna mata wuta a bokiti, ya yi kwana tara a tsare bai faɗi sunan kowa ba. Duk wannan ya faru. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya tara lambobin yabo har bango ya cika, mu aka aiko mana da akwatin gawa daga Gary.

Ya mutu a 2016 yana da shekara tamanin da huɗu, a kan gadonsa. Jarida ta ce iyalinsa sun miƙa faifan murya ɗari biyu da sha biyu ga jami'ar da ya ƙare aikinsa a cikinta, tafiyar awa huɗu daga garinmu. Anti ta karanta labarin sau biyu da madubin ƙara girman rubutu, ta ajiye, ta ce, "Vernice, je ki sha mai. Arzell na can."

Ban taɓa sanin ta yi shekarun nan tana tunanin faifan ba. A hanya ta gaya mini fuskarsa tana nan a idonta, amma muryar ta ɓace mata tun tana cikin shekarunta na hamsin. Ta ce takan yi ƙoƙarin tuno ta, sai ta ji ta mai karanta labarai a rediyo.

Mai kula da ɗakin adana kayan tarihi wata farar fata ce, Dokta Hollenbeck, ba ta wuce talatin da biyar ba, fara'arta har ta yi yawa. Ta ba mu kujeru, ta kawo mana shayi mai sanyi.

Anti ta ce, "Mijina na zo in ji."

"Yaya sunansa, Misis Crumpton?"

"Arzell Crumpton."

Ta danna kwamfuta, ta girgiza kai. "Babu wannan sunan a wurinmu."

"Duba Green."

Nan take fuskarta ta washe. "Mista Green! Ai faifai huɗu gare shi, suna cikin mafi daraja a wurinmu." Sai kuma ta sassauta murya. "Sai dai a rufe suke. Farfesa ya yi wa mutanen alkawarin sirri. Ba ma buɗe wa kowa sai mai muryar ko magajinsa."

"Ni ce magajiyarsa."

"Na yarda da ke har zuciyata. Amma dole sai da shaidar cewa Mista Green shi ne mijinki. Takardar da ta haɗa sunayen kuwa, kin san Farfesa ya ƙona ta. Don ya kare ku."

Anti ta buɗe jakarta ta fito da takardar aure, da takardar mutuwa, da hoton Kawu ɗaya tilo da take da shi. A hoton hannun hagunsa na cikin aljihu, haka ya saba tsayawa. Dokta Hollenbeck ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk sunan Crumpton ne a jiki, babu Green.

Anti ta ce, "Yarinya, saurara. Pruett ko aji shida bai gama ba, bai nemi takarda ba ya gane shi. Waɗanda suka harbe karenmu ba su nemi takarda ba. Ku masu digiri rututu ku kaɗai ne a faɗin jihar nan ba ku san Arzell ba?"

Ni ma na kasa haƙuri. Na ce, "Kare shi daga wa kuke yi? Shekara arba'in da takwas yana cikin ƙasa!"

Ta ce za ta kai maganar gaban kwamiti. Cikin wata goma sha ɗaya kwamitin ya zauna sau biyu, ya aiko mana da wasiƙar tausayawa mai kyan takarda.

Sai ga katin gayyata a watan Oktoban 2017, gefensa ruwan zinare. Za a buɗe cibiyar nazarin 'yancin ɗan adam da sunan Whitsett, ana gayyatar Anti a matsayin baƙuwa ta musamman daga al'ummar da ya yi wa hidima. Na ɗaga zan yaga, ta ƙwace. A bayan katin an jera abubuwan da za a yi, kuma a kusa da ƙarshe an rubuta cewa za a saurari minti ɗaya da rabi na muryar Mista Green. Wato ana iya kunna shi ga mutum ɗari uku da ba su san shi ba, matarsa ce kaɗai ba ta cancanta ba.

Ta ce, "Goge mini shuɗiyar rigar nan."

"Haba Anti! Za ki je ki zauna su yi ado da ke?"

"Ko a bola aka ce za a kunna shi, zan je. Ki goge rigar, ki rufe mini baki."

Ranar taron ta sa sabon batir a na'urar kunnenta mai taimaka mata ji, ta ɗora malafarta ta coci, a mota ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi tari. An zaunar da mu a layin gaba, ƙarƙashin wani ƙaton hoton Whitsett da ya dafa haɓa. Awa biyu ana jawabi. Shugaban tsangaya, wani mai sanƙo da jan nektai, sau uku yana cewa marigayin ya ba marasa murya murya. Na ji kamar in tashi in shaƙe shi. Kawu da muryarsa aka haife shi, ɗauke ta aka yi aka kulle a akwati. Anti ko motsi ba ta yi ba, hannayenta na kan jakarta, idonta na kan lasifikar da ke gefen dandamali.

Daga ƙarshe Dokta Hollenbeck ta hau. Ta ce za a ji ɗaya daga cikin jaruman littafin, kuma don girmama alkawarin Farfesa an goge duk wani suna da ke cikin faifan. Ta danna.

Aka ji shuuu na tsohon faifai, sannan wani mutum ya gyara murya. Mahaifiyata ba ta yi ƙarya ba, har a ƙirjina na ji ta.

"Ni mai awo ne, Farfesa. Na san sikelin gaskiya, na san wanda aka danne da yatsa. Jarrabawar nan tasu, an danne ta. To ni koya wa mutane nake yi su zo da nauyin da yatsa ba zai iya ba."

Anti ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. A cikin faifan kwanuka suka yi ƙara, sai muryar wata matashiya daga nesa, mai kaifi, wadda na sani sarai: "Tiiit! Abincin nan zai huce, ka bar bawan Allah ya huta mana!" Mutumin ya fashe da dariya ya ce, "Ga ni nan, tiiit, ga ni nan."

Inda sunansa yake sun sa ƙara, inda sunanta yake sun sa ƙara. Ashe sunayen na cikin faifan. Wani ya zauna ya saurare su da kunnensa kafin ya goge. Shaidar da suka sa mu nema wata goma sha ɗaya tana cikin faifan tun 1964. Na dubi Dokta Hollenbeck, ta dubi takalminta.

Anti ta miƙe, ko sandarta ba ta ɗauka ba. Ta juya ga jama'a ta ce da ƙarfi, "Arzell! Sunansa Arzell Crumpton! Ni na kira shi, ni ce Ozella!"

A lasifikar Kawu ya gama dariyarsa, ya rage murya ya ce, "Ka ji ta ko, Farfesa? Bari in gaya maka wani abu game da matar nan."

A daidai nan suka fara tafi. Mutum ɗari uku suka miƙe tsaye, raf raf raf, wasu na share hawaye, wasu na ɗaga waya suna ɗaukar ta. Sun ɗauka cikin shirin ne. Na ɗaga hannu ina ihu, "Ku yi shiru! Don Allah ku yi shiru!" Wata mata a bayana ta rungume ni. Ina ganin bakin Anti na motsi, tana karkata kunne wajen lasifikar, tafin na ƙaruwa. Ban taɓa tsanar mutane ba kamar yadda na tsani waɗannan masu kirkin a wannan minti. Da suka gaji suka zauna, faifan ya ƙare.

Na haye dandamalin na tare Dokta Hollenbeck. Na ce, "Sake kunnawa. Yanzu."

Idonta ya yi ja. Ta ce, "Ki yi haƙuri, ba ni da iko. Tunda an faɗi sunan a bainar jama'a, sai lauyan jami'a ya duba, kwamiti ya sake zama." Kwamitin bai sake zama ba sai bayan mun binne Anti a watan Fabrairu.

Shugaban tsangaya ya sanar a fita waje a yanke ƙyalle, akwai abinci a farfajiya. Ya tsaya ya girgiza hannun Anti, ya ce abin da ta yi shi ne ainihin abin da Farfesa ya rayu dominsa. Ba ta ko dube shi ba. Zauren ya watse, aka bar mu da masu naɗe wayoyin lasifika.

Na dawo na zauna kusa da ita. Malafarta ta karkace, ba ta gyara ba. A shekaruna duka ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, amma ta kamo hannuna da hannu biyu, ta yi magana a hankali kamar yarinya.

"Vernice, kunnenki ya fi nawa. Me ya ce a kaina?"

Na so in ƙirƙiro mata wani abu. Amma ta san shi, da ta gane.

Na ce, "Ban ji ba, Anti."